Buhun PICS mai hawa uku: ya cancanci kuɗinsa ga mai ƙaramar gona

Ni malamin makaranta ne, noma sha'awa ce kawai. 'Yar gonar gado ce a bayan garinmu a ƙasar Ringim, gero da wake a tsakaninsa. Waken bai kai na ɗauka zuwa kasuwar Dawanau ba, na ƙosai da alalen gida ne da ɗan abin kyauta. Amma duk ƙanƙantarsa, kafin bazara ƙwari sun mayar da shi gari.

Da toka da barkono muke fama, wasu kuma su zuba fiya-fiya. Ni dai ba zan sa wa abin da yarana za su ci guba ba. Irin wannan maganin ne ma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Buhun PICS aikin masana ne na Jami'ar Purdue ta Amurka, ana kuma yin sa a nan Kano. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan. Idan ka ɗaure shi tsaf, ƙwarin da suka biyo waken daga gona su suke shanye 'yar iskar da ta rage, sai su mutu. Da na kwance nawa gab da damina, waken fari tas, ba huji, na ware na iri kuma ya tsira lafiya.

Sai dai buhun ba ya son gaggawa. Wake ya bushe sosai, ka ciza ka ji ƙas. A sheƙe shi, a tsince tsakuwa da guntun kara, don su ke huda leda. Kafin ka zuba, cika kowace leda da iska, ka riƙe bakin ka matsa, ka ji ko tana hucewa. Wurin ɗauri nan ne aikin yake: ka fitar da iska, ka murɗe bakin leda ta ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ni da robar tsohon tayar keke nake ɗaurewa.

Ɓera ne abokin gabarsa. Ɗora buhun kan katako, nesa da bango. Kuma ba buhun da uwargida za ta riƙa ɗiba kullum ba ne. Na cefane a ware shi a jarka tun farko.

Ya fi buhun gargajiya tsada, gaskiya, amma yana yin kaka fiye da ɗaya in ba a huda shi ba. A kula da jabu. Na ga wani mai shago ranar kasuwa yana sayar da leda siririya da sunan ta PICS ce. Duba tambarin PICS a jiki, ka murza ledar da yatsa ka ji kaurinta kafin ka miƙa kuɗi.