Dafadukar ta yi daɗi, amma ba zan sake taka gidan ba

Mai girkin bai yi min laifi ba, don haka bari in ba shi haƙƙinsa. Dafadukarsu ta ji hayaƙi, shinkafar warara, tattasai da attaruhu sun kama jikinta sosai. Gasasshen kifin ma ba magana. Tsiren ne ya gaza: yajin ba ƙuli-ƙuli, naman 'yan ƙanana a tsakiyar faffaɗan faranti, abin da mai tukuba a unguwar Obalende ta Legas zai ji kunyar miƙa wa mutum.

Gidan abincin yana unguwar Ikoyi a Legas. Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, yayana na kai, wanda ya zo daga Kano ganin likita. Shadda muka sa da hula. A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu, yaro ne, daga jin harshensa Basakkwace. Ya ce, "Alhaji, kaya aka kawo? Ta baya ake shiga." Da na ce abinci muka zo ci, sai ya sunkuyar da kai: "Ku yi haƙuri Baba, haka aka ce in riƙa tambaya." Muna nan tsaye wani Bature ya wuce mu da gajeren wando da silifas, ko kallon tambaya ba a yi masa ba.

A ciki aka zaunar da mu dab da ƙofar kicin, aka ce teburan bakin taga duk an kama. Can sai ga wasu Turawa biyu, a kunnena suka ce ba su kama wuri ba, aka kai su bakin tagar. Sun riga mu samun abinci. Yaya, dattijon da ya yi shekaru yana koyarwa, "aboki" ma'aikacin da ke kawo mana abinci ya riƙa kiransa.

Wannan ciwon tsoho ne a Legas. Ikoyi kanta unguwa ce da Turawan mulki suka keɓe wa kansu. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali jami'i ne da ya zo daga ofishin kula da mulkin mallaka na Landan. Mutanen gari suka yi ca, har Gwamna Arthur Richards ya haramta irin wannan wariya. Abin da ya fi ci min rai shi ne yau baƙar fata ne ke jera baƙar fata: Bature a sama, mai kwat a biye, mai hula a ƙasa. Kuma tumatirin da ke cikin tukunyar, da albasar, da naman, a motocin masu hular nan suke shigowa garin.

Kuɗin mu biyu, da harajin VAT na kashi 7.5 da na jiha kashi 5, ya kusa naira 85,000, wato mafi ƙarancin albashin wata da jihar Legas ta tsayar a 2024.

Na nemi manaja. Ya ce rashin fahimta ce, ya sa aka kawo mana lemo kyauta. Ba mu sha ba. Na roƙe shi kada ya huce a kan yaron da ke ƙofa, ya je ya canza umarnin da aka ba shi.