Sharhi: Wata Uku a Hannun Likitar Abinci Don Sauke Kilo Biyar

Mai kilo talatin da zai sauke kowa na tausaya masa, kowa kuma yana da shawarar da zai ba shi. Amma wanda kilo huɗu ko biyar ne kawai suka yi masa yawa, da wuya a ɗauki maganarsa da muhimmanci. Ni a nan na faɗo. Shekarata 26, tsawona mita 1.72. Bayan na gama hidimar ƙasa na samu aikin zaman ofis a Kano, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni nauyina ya tashi daga kilo 72 zuwa 78. A cikin kaftani ba mai ganewa. Sai dai wando ya fara matse ni a ƙugu, hawa bene kuma ya fara sa ni haki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifina yana fama da ciwon sukari, ƙaninsa kuma da hawan jini, kuma dukansu da 'yar teɓa suka fara tun suna samari.

Shi ya sa na biya kuɗin ganin likitar abinci a wani asibiti mai zaman kansa. Tsarinsu shi ne zama ɗaya ido da ido, sannan bibiya ta WhatsApp har wata uku, tare da komawa a yi awo duk ƙarshen wata. Kuɗin ya ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashina, don haka ba da wasa na shiga ba.

Zaman farko shi ne mafi daraja a cikin abin da na biya. An auna nauyi da tsawo da hawan jini da sukari, sannan aka zagaya mini tef a ciki, daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ma'aunin BMI ɗina, wato lissafin da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, ya nuna 26.4. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara yawa, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce sosai. Amma ita likitar ba ta tsaya a kan wannan ba. Tef ɗin ta nuna mini: santimita 91. Ta ce, "Malam, rabin tsawonka nawa ne?" Na ce 86. Ta ce, "To cikinka ya wuce rabin tsawonka, a nan aikinmu yake." Wannan ƙa'ida ce da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, ta saka cikin shawarwarinta a 2022: kada faɗin cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa. Dalili kuwa, kitsen da yake taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya, fiye da na cinya ko damtse.

Daga nan ta sa na lissafa mata abin da nake ci daga asuba zuwa kwanciya, ba ta katse ni ba. Da safe shayi da burodi a wajen mai shayin bakin layinmu, wani lokaci da indomi da ƙwai. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da lemon kwalba mai sanyi. Da yamma, in an fito ofis, wani lemon ko zoɓo. Da dare tuwo a gida, in kuma an zauna majalisa a ɗan taɓa tsire ko balangu. Na zaci tuwon za ta fara kamawa. Sai ta ce in bar tuwo tukuna, in gaya mata cokali nawa na sukari mai shayi yake zuba mini.

Washegari na tsaya na kalli hannunsa. Babban cokali uku ya zuba, cike, sannan ya tuttula madarar gwangwani mai zaƙi, ya ɗaga kofi sama yana juyawa daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa. Ba laifinsa ba ne, haka muke so, kuma in ya rage mu ne za mu yi ƙorafi. Likitar ta yi mini lissafin a takarda. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari kamar gram 4, babba kuma ya ninka shi uku. Lemon kwalba mai zaƙi galibi yana da sukari kusan gram 10 a kowane mililita 100, wato robar santilita 50 tana ɗauke da abin da ya kai ƙaramin cokali 12. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki yake samu daga abinci a rana, kimanin gram 50 ga babban mutum, in ma an iya a dawo da shi 25. Ni kafin azahar na riga na wuce wannan. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa. Mutum zai sha roba biyu ya zauna ya ci abincinsa cif, kamar bai sa komai a ciki ba.

Na biyu da ta kama shi ne mai. Kowane gram na mai yana da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki), ninki biyu da ɗoriya na abin da shinkafa ko wake suke da shi, babban cokali ɗaya kuwa kusan kalori 120 ne. Duk wanda ya san yadda ake zuba mai a garau-garau ko ɗanwake ya san ba a cokali ɗaya ake tsayawa ba. Ba ta hana ni ba. Ta ce in riƙa karɓar cokali in zuba da hannuna, ɗaya tak, in ƙara kabeji da tumatir da albasa.

Wannan shi ne abin da zan fi yaba mata. Ba ta fitar da ni daga tukunyar gidanmu ba. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, gwargwadon dunƙulen hannuna, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe kuma a ƙara yawa. Ƙosai ya koma alale a yawancin ranaku, saboda wake ɗaya ne, bambancin shi ne wancan ya sha mai a kasko. Kwaɗon zogale ko na rama ya shigo da rana, da ƙuli kaɗan. Fura da nono ta bar mini ita, amma a matsayin abincin rana, ba abin da za a kora wani abincin da shi ba, kuma a dama ba sukari ko da ɗan kaɗan. Tsire ma ba ta soke ba, cewa ta yi in zaɓi jan nama in bar kitse. Shayi ya koma ƙaramin cokali ɗaya. Makon farko bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, amma harshe yana sabawa, yanzu shayin da nake sha a da ya yi mini zaƙi da yawa.

Ɓangaren motsa jiki ba ta tsawaita ba, ni ma ba zan tsawaita ba. Minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020. Ni na mayar da shi tafiya da sauri bayan sallar asuba, da sauka daga adaidaita sahu kafin a kai bakin ofis, da ƙwallo ranar Asabar. Ta kuma dage a kan barcin awa 7, don mai kwana a kan waya yunwa da kwaɗayi sun fi damunsa da rana.

Sakamako: kilo biyar suka sauka, daga 78 zuwa 73, ciki kuma ya dawo santimita 84. Amma ba a miƙe abin ya tafi ba, kuma a nan ne bibiyar ta yi rana. A kwanakin farko kilo ɗaya da rabi suka tafi da sauri, na yi murna na tura mata hoton sikeli. Ta amsa cewa yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane gram yana riƙe da ruwa kusan gram 3, in an rage ci shi ne yake fara tafiya. Kitse na gaskiya kuwa, sai mutum ya rage kalori wajen 7,700 kafin kilo ɗaya ya narke, shi ya sa rabin kilo a mako ya isa ga mai nauyi irin nawa. A tsakiyar wata na biyu sikeli ya tsaya cak, har na fara tunanin kuɗina ya tafi a banza. Ta ce in ajiye sikeli in ɗauko tef. Santimita biyu sun ragu a daidai lokacin da sikeli bai motsa ba. Da ni kaɗai ne, a nan zan watsar.

Na tambaye ta ko kilo biyar ma yana da wani tasiri ga lafiya. Ta kawo mini binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kusan shekara uku. Mutanen sun girme ni kuma sun fi ni nauyi, amma ga ɗan gidan da ciwon ya riga ya shiga, wannan magana ta zauna mini.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Takardar jadawalin abincin da aka fara ba ni bugaggiya ce da ake bai wa kowa, da Turanci, cike da tuffa da burodin alkama da kayan kanti masu tsada. Sai da na ce mata albashina ba zai ɗauki wannan ba sannan ta ɗauki biro ta sauya da gwaiba da kankana da gyaɗa da ƙwai. Mai jin nauyin magana zai karɓi takardar ya tafi gida, ya gwada mako ɗaya ya gaji. Ya kamata a ce da abincinmu aka fara, kuma a samu takardar da Hausa, tunda a gidaje da yawa mai girkin ba ita ce ta je asibitin ba.

Bibiyar ma tana da jinkiri. Wani lokaci sai saƙo ya kwana biyu ba amsa. An kuma haɗa mu a zaure ɗaya da dattawa masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda, shawarar da ta dace da su ba ita ta dace da ni ba, kuma na ga matasa suna kwafar abin da ba nasu ba.

Babban giɓin dai shi ne tsarin ya ɗauka kowa yana ci a farantinsa. A gidanmu ni da ƙannena tire ɗaya muke sa hannu. Ta yaya za ka auna dunƙulen hannu a tiren mutum huɗu? Da na fara cewa a zuba mini daban, Umma ta dube ni ta ce, "Kai kuwa lafiya? Ko abincin ne bai yi maka ba?" Na yi mata bayani, ta ce, "Wace ƙiba gare ka? Ai yanzu ka fara yin kyan gani." Ba ta faɗa don ta hana ni ba, abin da ta tashi ta gani ke nan. A wajenmu murmurewa alamar kwanciyar hankali ce, rama kuma alamar ciwo ko damuwa, shi ya sa har yau 'yan mata suke sayen sha-ka-fashe. Sai da na ambaci ciwon Abba sannan ta yi shiru, washegari ta fara ware mini kwano, ta kuma rage man da take zubawa a miya don kowa. Wannan aiki ne da likitar ya kamata ta shirya mutum a kansa tun ranar farko: yadda zai yi magana da mai girki, da yadda zai yi a gidan biki ko suna inda ƙin ci yake zama raini. Ba a taɓo shi ba sam.

Akwai wani abu da ta gargaɗe ni a kai wanda nake so duk matashi ya ji. Abokin aikina ya kawo mini shayin rage teɓa da ake tallatawa a intanet, na tura mata hoton kwalin. Ta ce in duba abin da aka haɗa, zan ga filasko. Yawancinsu haka suke, maganin wankin ciki ne. Mutum zai yi ta zawo, sikeli ya sauka, ya zaci kitse ne, alhali ruwa da gishirin jikinsa ne suke fita. Wasu ƙwayoyin kuma an sha kama su da sinadarin sibutiramin a ɓoye, wanda aka janye daga kasuwannin Amurka da Turai a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ita ba ta sayar mini da ko ƙwaya ɗaya ba, kuma wannan ya ƙara mini yarda da ita.

Ta kuma ce ba kowa take karɓa a wannan tsari ba. Wanda nauyinsa yake daidai amma yana ganin kansa da ƙiba, ko wanda ya fara tsallake abinci yana jin tsoron ci, wani irin taimako yake bukata. Mai ciki da mai shayarwa nasu daban ne. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya sauya komai ba, musamman in akwai tari ko yawan ƙishi da fitsari, asibiti zai nufa a yi masa gwaji.

Ban sabunta biyan ba bayan wata ukun, don abin da ya rage zan iya riƙe shi da tef da cokali. Da ƙanena zai tambaye ni, zan ce ya biya zaman farko da komawa ɗaya bayan wata guda, ya bar sauran. Kafin ya ba da kuɗi ya tambaya ko wanda zai gan shi ya karanci fannin abinci a jami'a kuma yana aiki da asibiti, ko za a rubuta masa jadawali da abincin da ake dafawa a gidansu, da kuma ko akwai wani shayi ko ƙwaya da za a ce sai ya saya. Ya kuma fara leƙa asibitin koyarwa mafi kusa da shi, domin suna da sashen masu ba da shawara kan abinci, kuma kuɗin ganinsu bai kai na masu zaman kansu ba.