Bitar kwana 3 da muka yi kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ga yadda na ganta

Jama'a tun da na dawo ake tambayata ko bitar nan ta cancanci mutum ya bar sana'arsa ya zauna, toh bari in faɗi abin da na gani da idona. Ni dai wasan kwaikwayo da zane nake koya wa yara da matasa a unguwarmu nan Kano duk Asabar da Lahadi, wata ƙungiya ce ta tara mu, masu koyar da waƙa da zane da dirama, aka ce za a koya mana yadda za mu yi in yaro ya zo mana da damuwa.

Abin da aka ɗora horon a kai shi ne jagorar taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi, kuma ginshiƙinta uku ne, ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. Malamar da ta koyar ta nanata mana ba sau ɗaya ba, ku ba likitoci ba ne, kar ku sa wa ɗan mutane sunan ciwo. Wallahi wannan ya sauke min nauyi.

Inda ya fi taɓa ni shi ne maganar tilasta wa yaro ya ba da labari. Mu 'yan dirama muna son abin da zai sa mai kallo hawaye, akwai wani yaro da muka taɓa sa wa rawar ɗan daba a wani wasa, ana ɗaga wuƙar katako sai kawai ya ƙame, hannunsa na rawa, ya kasa furta ko kalma ɗaya, ashe yayansa a faɗan daba ya rasu kuma a gabansa. Ni kuma a ranar na ja shi gefe ina ta cewa faɗa min me ya faru, ka yi haƙuri ƙaddara ce, da zuciya ɗaya na yi amma yanzu na gane matsa masa na yi. A bitar an gwada mana mu biyu biyu, ka zauna kusa ba tare da ka tsare mutum da ido ba, ka rage murya, ka ce ya dafa ƙafafunsa a ƙasa sosai ya ji su, ya ja numfashi a hankali, ya faɗi abubuwan da yake gani a ɗakin, in ya yi shiru ka bar shi da shirunsa. Haƙuri da addu'a suna nan, ba wanda ya hana, sai dai a fara sauraro.

Sun kuma yi maganar sirri, kar ka yi wa yarinya alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba, in akwai mai cutar da ita ko tana maganar kashe kanta dole a nemo babba da likita, kuma ka gaya mata haka tun farko.

Amma fa akwai gyara. Takardun duk da Turanci, abokan aikinmu da yawa sai an fassara musu, kuma duk abu sai a ce "damuwa", firgici ma damuwa, baƙin ciki mai tsawo ma damuwa. Rana ta uku an yi ta a gurguje, ɓangaren haɗa yaro da asibiti wanda shi muka fi buƙata an taƙaita shi, an dai ambaci asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma yadda za ka tunkari uban da ke cewa ɗana ba mahaukaci ba ne, aljanu ne, ba a gwada mana ba ko sau ɗaya.

Duk da haka in aka sake yi ku je, musamman masu koyar da 'yan mata. Satin da ya wuce na fara aji da tambayar wa ke son ya zauna ya kalla kawai yau, yaron nan ya ɗaga hannu, na ba shi aikin riƙe labule.