Katin Realtek ko na Intel: wanne zai dace da tsohuwar sabarka?

Ɗan'uwanmu na Daura, na ga tambayarka. Ka ce tsawa ta ƙone ƙofar netwok ta tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da kwamfutocin ɗalibanka ke rataye da ita, ka shigo Katsina neman katin netwok da zai maye gurbinta, mai shago ya ɗauko maka biyu: Realtek RTL8139 mai araha, da Intel PRO/1000 MT mai tsada da dogon gindi. Allah ya mayar da alheri. Ni dai na Intel zan ce ka ɗauka, amma kada ka biya sai ka duba ramin da ake soka kati a bod ɗin sabarka da wayoyinka.

Ta fuskar gudu babu haɗi. Realtek ɗin iyakarsa megabit 100 a daƙiƙa, wato kusan megabait 12, kuma wannan ɗan abin duk ɗaliban za su raba idan suka buɗe darasi lokaci guda. Na Intel megabit 1,000 ne, ga shi yana ɗauke wa furosesa wani ɓangare na aikin lissafin saƙonni. Realtek ba banza ba ne, tun zamanin Windows XP ake soka shi ya kama ba tare da neman direba, wato manhajar da ke sa shi aiki, ba, kuma a kwamfuta ɗaya ta ofis ya wadatar. A saba ne nake ganin bai kai ba.

Sai batun rami, inda mutane ke yawan asara. Realtek katin PCI ne mai bit 32, tsarin da Intel ya fito da shi a 1992, hanyarsa megabait 133 ce da duk katunan ke rabawa. PRO/1000 MT kuwa na PCI-X ne mai bit 64, wanda IBM da HP da Compaq suka tsara a 1998, shi ya sa gindinsa ya yi tsawo. Don Allah kada kamannin suna ya ruɗe ka: PCI-X daban, PCI Express na 2003 daban, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Idan ramin sabarka na PCI Express ne, duka biyun ba naka ba ne, PRO/1000 PT za ka nema.

Ka juya katin ka kalli haƙoran zinaren da ke gindinsa, waɗanda ke shiga rami. Tsagar da ke kusa da ƙarfen bayan katin ta volt 3.3 ce, wadda ke can nesa ta volt 5 ce. Mai tsaga biyu yana shiga ramin volt 3.3 da na volt 5 duka. Ramin PCI-X na volt 3.3 ne, saboda haka kati mai tsagar volt 5 kaɗai ba zai zauna ba, kuma kada wani ya ce bari ya goge masa da zarto, ƙona bod za a yi. Ko da Realtek ɗin ya shiga, zai ja duk katunan da suke layi ɗaya da shi su sauko gudunsa na MHz 33. Shi kuwa na Intel, a gajeren ramin PCI ma yana aiki, wutsiyarsa ta rage a waje, in dai babu wata kafasita da ta tokare ta. Sai dai ba zai ba da cikakken gudunsa ba.

Yanzu kan waya, wanda shi ne ya fi damuna. Kan wayar netwok, wanda ake kira RJ45, fil takwas gare shi. Katin megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su: 1 da 2 na aikawa, 3 da 6 na karɓa, sauran zaman banza suke. Gigabit kuwa duk takwas yake so, kowane tagwai na aikawa yana karɓa lokaci guda. Ma'ana wayar da Realtek zai yi shekaru a kanta lafiya, idan fil na 4 ko 7 bai matsu ba, na Intel zai faɗo megabit 100 ko ya ƙi haɗuwa, ka ce an sayar maka da jabu alhali kan waya ne.

A sake matse kawunan bisa tsarin jera kalolin waya na T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka lura koren ya tsallake shuɗi, don 3 da 6 su zama tagwai ɗaya da aka murɗe tare. Yaran da ke jera kaloli yadda suka ga dama, ƙaramar tasta ta gwajin waya za ta haska musu fitila takwas cif, amma saƙo na ta zubewa a hanya. Wayar ta zama nau'in Cat5e, kada ta wuce mita 100. Ka kankare silin da ke cikin wayar da reza a gaban mai shago; in fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, araha kuwa ba ta ado.

Abin da zai sa in ce ka ɗauki Realtek ɗaya ne: idan suwic ɗinka, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa, duk ƙofofinsa na megabit 100 ne kuma ba ka da niyyar canza shi kwanan nan. In yana da ƙofar gigabit ko guda, a nan za ka soka sabar. Ka ɗauki hoton ramukan bod ɗin ka turo mana kafin ka sake kama hanyar Katsina, ka kuma auna tsayin ƙarfen baya, don wasu akwatunan gajere suke karɓa.