Na je kallon opera a Munich, wai ban dariya ce

Ƙawata Bajamushiya ce ta ja ni, wai sai na ga Der Rosenkavalier, wani wasan opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa), ko sau ɗaya, ni kam na bi ta ne don kar ta ji ba daɗi. Richard Strauss ya yi kiɗan, a Dresden aka fara nuna shi a 1911, amma wanda muka gani tsarin Barrie Kosky ne na 2021. Kusan awa huɗu da rabi har da hutu biyu, a hutu na biyun na ga wasu sun sulale.

Labarin a Vienna yake. Wata matar babban soja tana soyayya a ɓoye da ɗan shekara 17, Octavian (mace ce ke fitowa a matsayinsa, sai da ƙawata ta raɗa min na gane), shi kuma ɗan uwanta Baron Ochs, tsohon banza mai son kuɗi, zai auri Sophie ƴar wani attajiri. Aka aiki Octavian ya kai wa amarya furen azurfa, ɗan aike ya yi wuf da amarya. Shikenan.

Ochs ɗin bai ba ni dariya sosai ba gaskiya, barkwancinsa da harshen Vienna ne, ina bin fassara a sama Jamusawa na ƙyalƙyatawa kafin in kai ƙarshen layi. Kashi na uku ma ya yi tsawo.

Amma agogon nan! Labule na tashi ƙaton agogon tsaye ne a gabanka, ga wani tsoho tukuf da fukafukai, kusan tsirara, yana ta yawo a dandamali, wai shi ne allan soyayyarsu ya tsufa. A asalin wasan wani yaro baƙar fata ne mai suna Mohammed ke yi wa matar sojan hidima, a nan babu shi kuma ban yi kewarsa ba. Inda matar ke cewa wani lokaci cikin dare takan tashi ta tsayar da agogunan gidan duka, sai kuma aka gan ta zaune a cikin agogon tana lilo a hankali, wallahi sai da na nemi tishu. Shekararta 32 fa kawai, ni na ba ta biyar.

Waƙar su uku ta ƙarshe (matar sojan, Octavian da Sophie) ita ta biya min kuɗin tikitina. In za ki je ki karanta labarin tun a gida, kuma ki ci abinci, ni da yunwa na fito.