Haramcin Robar Tekawe: Tsakanin Legas da Birnin Niyok

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya ko haramcin da Jihar Legas ta yi wa farar robar zuba abinci mai kama da soso, wadda aka fi sani da tekawe, daidai yake da wanda aka yi a birnin Niyok na Amurka. Malam, abin da aka haramta ɗaya ne, amma hanyar da kowa ya bi ta sha bamban, kuma a nan ne mai sayar da abinci yake jin abin a jikinsa.

A Niyok sai da aka kai ruwa rana. Majalisar birnin ta zartar da dokar a 2013, aka fara aiki da ita a 2015, sai masu gidajen abinci da masu ƙera robar suka garzaya kotu suna cewa ana iya narkar da ita a sake sarrafawa, kotu kuma ta soke haramcin. Hukumar tsaftar birnin ta sake nazari, ta tsaya a kan cewa robar da ta sha mai da miya, wadda kusan dukkanta iska ce, ba ta da mai saye, ba kuma ta biyan kuɗin tattara ta. Da wannan hujja haramcin ya tabbata ranar 1 ga Janairun 2019, aka ba 'yan kasuwa wata shida kafin a fara cin tara: dala 250 a karon farko, 500 a na biyu, 1,000 a na uku. An keɓe faifan da ake shirya ɗanyen nama da kifi a kai, sannan ƙaramin ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai dala 500,000 a shekara ba yana iya neman sassauci. Birnin ya riga jiharsa, domin dokar Jihar Niyok ba ta fara aiki ba sai a farkon 2022.

Legas kuwa sanarwa ce ta sauko daga sama. A Janairun 2024 Kwamishinan Muhalli, Tokunbo Wahab, ya ce an haramta robar nan take, sai bayan koken masana'antu da masu abinci aka ƙara mako uku kacal.

A ganina hujjar Legas ta fi ta Niyok ƙarfi. Duk wanda ya tsaya bakin kwata a Legas bayan ruwan sama ya ga yadda robar ke taruwa fari fat a bakin kwalbati, ta toshe hanya har ruwa ya koma cikin shaguna da gidaje. Ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe ƙanana-ƙanana ta bi ruwa zuwa teku. Abin da ke damuna shi ne wa'adin. Mai kamfani yana da inda zai karkata, amma matar da ke sayar da shinkafa da wake a Agege, ko ɗan'uwanmu da ya zuba jarinsa ya sari robar katan-katan, mako uku ba ya isar su sayar da abin da ke hannunsu, balle su samo mazubin takarda ko roba mai kauri, waɗanda suka fi tsada, alhali mai sayen abincin ba ya son a ƙara masa ko sisi.

Da aka zo faɗaɗa haramcin zuwa sauran robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, irin su tsinken shan lemo da cokulan roba, gwamnatin Legas ta ba da dogon wa'adi, ba ta fara tilasta shi ba sai ranar 1 ga Yulin 2025.