Nikon Aculon 10x50 a samaniyar Garwa: ya fi teleskof ɗin kwali

Duk mai son fara kallon taurari da ya tambaye ni abin da zai saya, amsata ɗaya ce: ya nemi madubin hangen nesa mai ido biyu, ya ƙyale ƙaramin teleskof ɗin nan mai ƙafa uku da ake jerawa a kantuna cikin kwali mai hotuna. Nawa Nikon Aculon A211 ne, mai lamba 10x50, ƙanena ya taho mini da shi daga Duwala, kuma ya ga damina da rani a hannuna a nan Garwa ta Kamaru.

Lambobin nan biyu su ne kan zancen. Goman na nufin yana kusanto da abu sau 10, hamsin ɗin kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 50. Masu saye sun fi ɗokin lambar farko, alhali da dare ta biyun ce mai aiki. Ƙwayar idon matashi, in duhu ya yi sosai, ba ta wuce milimita 7 a buɗe, don haka kowane gilashi na tara hasken da ya kai ninki 50 na abin da ido ke samu. Yawancin abubuwan sama ba ƙanƙanta ce ke ɓoye su ba, dusashewa ce.

Ga abin da ya sa na tsani teleskof ɗin kwali. Maƙwabcina ya saya wa ɗansa guda, mai gilashi milimita 60, an rubuta 525x ɓaro-ɓaro a jiki. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce a ninka faɗin gilashi sau biyu, abin da ya bayar shi ne iyakar kusantowa mai amfani. Ke nan nasa ba ya wuce 120, sauran duk zaƙin bakin mai talla ne. Ƙafafun kuma ba su da ƙwari, iska kaɗan sai hoton ya kama rawa. In ka sha wahala ka kamo wata, kafin ka kira yaro ya leƙa ya sulale, saboda duniya na juyawa kuma filin da kake gani ɗan mitsitsi ne. Da ya gaji sai ya ce mini, "Malam, anya ba lalatacce aka ba ni ba?" Na ce, "Alhaji, lafiyarsa lau, haka aka ƙera shi." Yanzu yana kan durowa ƙura na cinsa.

Nawa kuwa yana ɗaukar fili mai faɗin digiri 6.5, wato faɗin farin wata 13 in an jera su. Inda ka duba da ido, nan kake ɗora shi. Babu haɗawa, babu batir, kuma hoton a tsaye yake, ba a kife ba.

Abin da ya fara kama ni Kaza da 'ya'yanta ce. Ido tsirara shida yake ƙirgawa, mai kaifin gani bakwai. A cikin madubin sai ga su gommai, farare masu ɗan shuɗi, duk a fili guda. Haskensu ya yi tafiyar shekara wajen 440 kafin ya iso. A watan Disamba da Janairu, kusa da taurari ukun nan da ke jere, akwai wasu ƙanana, a tsakiyarsu za ka ga wani farin hayaƙi: gajimaren Oriyon ke nan, inda sababbin taurari ke samuwa. Duniyar Jufita, wadda malamai ke kira Mushtari, tana fitowa 'yar ƙwallo, da ɗige-ɗige har huɗu a gefenta in hannu ya tsaya cak. Su ne watanninta da Galileo ya gano a 1610, kuma in ka dawo gobe za ka tarar sun sauya wuri. Wannan kaɗai ya ishe ni hira da yara.

Mu nan muna da wata alfarma da mutanen Turai ba su da ita. Garwa na kan digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka samaniyar kudu a buɗe take gare mu. A daren Afrilu da Mayu, in ka fuskanci kudu, akwai dunƙulen Omega Centauri mai miliyoyin taurari, yana bayyana zagayayye fari-fari. Daga Faransa da wuya a gan shi.

Shi wata, kada ka jira daren sha huɗu, haske ya yi yawa, ramukan ba sa fitowa. Daren bakwai ko takwas ya fi, ka bi layin da ya raba haske da duhu. Ranar duban jinjirin watan azumi ko na salla kuwa har layi ake yi mini. Sharaɗina guda ne, ba mai taɓa shi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, don kallonta ta cikin gilashi na ƙona ido nan take, kuma ba gyara.

Yana da iyakarsa. Zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal, wato Saturn, ba ya fitowa a kusantowa 10, sai ka kai wajen 30, wannan aikin teleskof ne na gaske. Nauyinsa giram 900, kuma yawancin 10x50 kusan haka suke, in ka daɗe kai sama damtse zai gaya maka. Ni kan kwanta rigingine a tabarma, ko in jingina gwiwar hannu a katanga. Mai sa tabarau ya gwada kafin ya biya, domin tazarar ido daga gilashin baya ba ta kai milimita 12 ba, ba lalle ya ga filin duka ba.

Babban abokin gaba dai hazo ne. In hunturu ya kankama, wata ran ko Dutsen Tingilin ba a hangowa da maraice, balle tarin taurarin Andromeda mai dusasshen haske da dare. Lokacin da sama ta fi wankuwa shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sai a fita bayan gari ta hanyar Pitowa inda fitilu suka ragu. Ƙurar da ta hau gilashi kuma hure ta ake yi, kada a goge da bakin riga, yashi ne, zai karce shi.

In a kasuwa za ka saya, ko wane kamfani ne, riƙe shi nesa da fuska ka dubi haske: ɗigon da ke gilashin baya ya zama zagayayye. Sannan ka kalli sandar wuta mai nisa, in ta rabu biyu ko idonka ya fara ja, ajiye. Masu jan gilashi da masu zum, wato waɗanda ake ƙara ko rage kusantowarsu, bar wa mai kanti kayansa. Ka sa manhajar Stellarium a waya ta nuna maka abin da ke sama. In ka shekara da shi har yanzu zoben Zuhal na ranka, tara kuɗi ka yi odar teleskof na gaske, samfurin da ake kira Dobson, mai milimita 130 ko 150.